Injin da ke ƙarƙashin gado: sharhi kan janaretan motar-gida

A watan Satumban 2011 wata ƙungiyar masu hawa manyan babura ta yi taronta na shekara-shekara a garin Clarksville da ke jihar Tenesi ta Amurka, taron da suke tara gudummawa domin yara marasa galihu. Mutum biyar daga cikin mahalarta, maza uku da mata biyu, suka kwana a wata motar-gida da aka ɗauko haya. Gari ya waye, rana ta yi, shiru ba su fito ba. Da aka buɗe ƙofa sai aka tarar duk rai ya yi halinsa. Ba gobara, ba harbi, ba alamar kokawa. Janareta ne aka ajiye a waje dab da wata kafa ta jikin motar, hayaƙinsa ya kwana yana sulalewa ciki. Akwai na'urar da aka maƙala don ta yi kururuwa idan iskar ɗakin ta gurɓace, amma babu batir a cikinta. Sai a 2012 jihar ta kafa dokar da ta wajabta wa masu bayar da hayar irin waɗannan motoci su tabbatar na'urar tana aiki kafin su miƙa mukulli.

Motar-gida, wadda Amurkawa ke kira RV, mota ce da aka ƙera da wurin kwana da madafa da banɗaki. Wata tana da injinta, ana tuƙa ta yadda ake tuƙa bas, wata kuma sai an ja ta da a-kori-kura. Ƙididdigar da masu ƙera su suka fitar a 2021 ta nuna iyalai fiye da miliyan 11 ne suka mallaki irinta a Amurka, kuma mafi yawan motocin a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su. A sansanonin da aka tanada, mutum zai tsaya ya jona wayarsa a turken lantarki, ya biya kuɗin kwana, shi ke nan. Amma da yawa ba don su kwana a layi suka kashe wannan uban kuɗi ba. So suke su tsaya inda babu turke: bakin tafki, filin tseren motoci, ko hamadar Arizona inda jama'a ke yin dafifi a garin Quartzsite duk watan Janairu. A irin wuraren nan janareta shi ne NEPA.

Mu nan ba baƙin janareta ba ne. Yaron da bai shiga firamare ba ya san a ja igiya, ya san a buɗe cok. To me ya sa na motar-gida ya cancanci a zauna a yi sharhi a kansa? Abu biyu ne. Na farko tazara. Hukumomin lafiya na Amurka suna cewa a nisanta janareta da gida aƙalla ƙafa 20, wato wajen mita 6, alhali a motar-gida injin yana ɗaure a wani akwati ƙarƙashin daɓe, wani lokaci daidai saitin gadon da ake kwana. Na biyu zama. Injinmu aiki ne ke cinye shi, nasu kuwa rashin aiki ne ke lalata shi, domin motar takan shafe watanni a ajiye tana jiran lokacin hutu. Duk wata ƙa'ida da aka rubuta game da wannan inji, in ka bi diddiginta, ga ɗayan biyun nan take komawa.

Injinan iri biyu ne. Akwai wanda kamfani ya dasa a jikin motar tun daga masana'anta, kuma sunan da ya mamaye wannan fage shi ne Onan, kamfanin da David Onan ya kafa a Minneapolis a 1920, wanda daga baya Cummins ya saye. Irin wannan ana tayar da shi da maɓalli daga cikin mota, yana shan mai daga tankin motar kanta, ko fetur ko dizal, wasu kuma iskar gas suke sha daga tukunyar girki. An yi wata dabara a nan da ta burge ni: bututun da ke kai wa janareta mai ba ya kaiwa gindin tanki, yana tsayawa ne wajen rubu'i. Da zarar man motar ya sauka ƙasa da haka sai janareta ya mutu, don kada mutum ya kwana yana shan sanyin iyakwandishan ya wayi gari babu man da zai fitar da shi daga jeji. Sababbin shiga da yawa sukan kira makaniki a kan wannan, su ce inji ya lalace, alhali gidan mai kawai yake nema. Iri na biyu shi ne na ɗauka-ajiye, wanda masu motocin da ake ja suka fi amfani da shi, irin su Honda EU2200i mai wat 2,200, wanda ake iya haɗa biyu su yi aiki tare. Shi ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, kuma shi aka fi samu a labaran mutuwa, saboda mai shi ne ke zaɓar inda zai ajiye shi, ba injiniya ba.

Abin da ke kisa a hayaƙin inji ba baƙin nan ba ne da ido ke gani, ba kuma warin da hanci ke ji ba. Wata iska ce da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana samuwa duk inda aka ƙona mai ko gawayi ko itace ba tare da wadatacciyar iska ba. Idan aka shaƙe ta, tana kama sinadarin jinin da ke ɗaukar iskar numfashi da ƙarfin da ya ninka na iskar numfashin fiye da sau 200. Mutum yana ta numfashi, huhunsa lafiya lau, amma jininsa ya daina kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Farkon alamun ba su da wani abin tsoro: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Daga nan sai ruɗewa, kuma nan ne mugun wurin, domin ƙwaƙwalwar da za ta ce wa mutum ya tashi ya fita ita ce ta fara tafiya. Wanda yake barci, ko wanda ya yi shaye-shaye a wurin biki, ba ma ya ganin alamun. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana cewa fiye da mutum 400 ne wannan iska ke kashewa a ƙasar duk shekara bisa tsautsayi, ban da waɗanda gobara ta rutsa da su, ita kuma hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar takan ce ƙaramin janareta ɗaya na iya fitar da gubar da ta kai ta ɗaruruwan motoci. Wannan ba ƙari ba ne. Motar zamani tana da matatar da ke ƙone gubar a cikin salansa, yawancin ƙananan janaretoci kuwa ba su da ita.

Mun san wannan mutuwa a ƙasar Hausa, ko da ba mu cika kiranta da sunanta ba. Ita ce ke ɗaukar iyali guda a daren hunturu idan aka shiga da kaskon gawayi ɗaki aka toshe ƙofa da taga. Ita ce ke biyo janaretan da aka shigo da shi soro ko ƙarƙashin bene don tsoron ɓarawo ko ruwan sama. Washegari sai a yi ta zargin abincin dare, ko a ce maganin sauro ne, ko a ce aikin iskokai. Alamar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce wannan: idan mutum biyu ko uku a wuri ɗaya suka kamu da ciwon kai da jiri lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da suka fita waje, to ba zazzaɓin cizon sauro ba ne. A fitar da kowa, a kashe inji, a tafi asibiti ko da an ji dama-dama. Idan an bar jiki da iskar waje kawai, sai ya yi awa huɗu zuwa biyar kafin ya rage rabin gubar, amma da tsantsar iskar asibiti abin yakan sauko zuwa wajen awa ɗaya da 'yan mintuna. Madara da manja ba su da aiki a nan.

Ta ina gubar ke shiga mota, tunda salansa waje take kallo? Hanyoyin sun fi yadda ake zato yawa. Littafin Onan ya ce dole bakin salansa ya zarce gefen mota da aƙalla inci ɗaya, to amma salansar da ke rataye a ƙasan mota tana gogar tudu da dutse, tana tsatsa, tana tsagewa, kuma tsagar da ba ta kai faɗin farce ba ta isa ta tara hayaƙi ƙarƙashin daɓe. Motoci da yawa suna da wani ɓangaren ɗaki da ake turowa waje idan an tsaya don a ƙara faɗi, idan salansa na ƙarƙashinsa sai hayaƙin ya taru a nan ya bi ta robar da ta tsufa. Tsayawa kusa da bango, ko doguwar ciyawa, ko tarin ƙanƙara, yana mayar da hayaƙi baya. Akwai kuma wadda mutane ba sa kawowa a rai: fankar rufi da ke zuƙe iskar ɗaki tana fitarwa. Duk iskar da ta fitar sai wata ta maye gurbinta, kuma ta kowace kafa za ta shigo, har da tagar da ke saitin salansa. Mutum ya kunna fanka don ya samu iska mai kyau, ashe guba yake jawowa da hannunsa.

Sannan ga maƙwabci. A wuraren biki ana jera motoci kafaɗa da kafaɗa, salansar wannan tana hura tagar wancan. Kana iya kashe naka inji ka kwanta, na kusa da kai ya yi maka illa. A watan Yulin 2021, a wani bikin kiɗa da aka yi kusa da filin tseren motoci na jihar Mishigan, samari uku suka mutu a cikin motar-gida, biyu aka kwashe su ranga-ranga zuwa asibiti, kuma 'yan sanda sun ce janaretan da ke aiki dab da motar ne sanadi. Shekara goma ke nan bayan abin da ya faru a Tenesi, da duk wayar da kan da aka yi a tsakani. Dalilin da ke sa a matso da inji kusa da mota bai bambanta da namu ba: gajeruwar waya da tsoron ɓarawo. Maganin duka biyun kuwa ana sayar da shi a kasuwa, doguwar waya mai kauri da sarƙa da kwaɗo. A ɗaure shi a jikin bishiya ko turke can nesa, bakin salansa ya ba mota baya, a kuma duba inda iska ke kaɗawa, domin takan juya cikin dare.

Tun daga 2018 masu ƙera janaretan ɗauka-ajiye a Amurka suka fara bin wasu ƙa'idoji na sa-kai da suka sa ana dasa wa injin na'urar da ke kashe shi idan guba ta taru. Ci gaba ne, amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Na'urar tana auna iskar da ke kewaye da injin ne, ba ta ɗakin kwana ba. Injin da ke sarari yana iya samun isasshiyar iska ya ci gaba da aiki lafiya, alhali hayaƙinsa yana cika motar da ke gefensa. Saboda haka ƙararrawar cikin ɗaki ba ta da madadi. Ita ma tana da halinta da ya kamata a sani. An tsara ta ne kada ta yi ta ihu a kan abu kaɗan: idan gubar ta kai kashi 70 cikin miliyan, tana iya ɗaukar awa ɗaya zuwa huɗu kafin ta yi ƙara, idan ta kai kashi 400 kuwa, cikin minti 4 zuwa 15. Ma'ana, duk lokacin da ta yi ƙara to magana ta riga ta yi nisa, ba lokacin tsayawa a yi gardamar ko ta lalace ba ne. Tana kuma tsufa. Abin da ke shinshino gubar a cikinta yakan mutu bayan shekara 5 zuwa 7, ko da fitilarta na ci gaba da haske, shi ya sa ake buga kwanan wata a bayanta. Halin da ya fi kowane muni shi ne na wanda ƙarar ƙarewar batir ta dame shi cikin dare, ya cire batirin ya ce gobe zai sayo.

Tambayar da masu motocin suka fi jayayya a kanta ita ce ko ya halatta a yi barci inji yana aiki. Kamfanin Onan cewa ya yi kada a kwana da shi a kunne sai in akwai ƙararrawa mai aiki. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin izini. Ni a ganina gargaɗi ne da aka sassauta saboda an san mutane ba za su bari ba. Wanda ya taɓa kwana cikin akwatin ƙarfe a watan zafi ba zai yi wa mai kunna iyakwandishan dariya ba, amma ya kamata ya san cewa ya rataya ransa da na 'ya'yansa a kan na'ura guda ɗaya. In har ya zama dole, a sa ƙararrawa biyu, ɗaya a kusa da gado, a gwada su kafin a kwanta, a rufe tagogin ɓangaren salansa, a kashe fankar rufi. In ba dole ba, a sanyaya ɗaki da yamma, a kashe inji, a kwana da fankar batir. Wasu manyan motocin ma suna da tsarin da ke tayar da janareta da kansa idan batir ya yi ƙasa ko zafi ya yi yawa. Wanda ya manta bai kashe wannan tsari ba ya shigar da mota gareji, inji na iya tashi tsakar dare a rufaffen wuri, ko ya tashi hannun makaniki yana cikinsa.

Batun lodi lissafi ne kawai, sai dai mutane ba sa son yi. Janaretan da aka fi dasawa a matsakaitan motoci mai wat 4,000 ne. Iyakwandishan ɗin rufi yana cin wajen wat 1,500 idan ya daidaita, amma a daƙiƙar da kwamfaresa ke tashi yana fizgar ninki biyu ko uku na haka. Na'urar ɗumama abinci tana cin kusan 1,500, tukunyar ruwan zafi wajen 1,400, ga cajar batir da ke ci a ɓoye ba wanda ya tuna da ita. Tara ukun farko kaɗai ka ga sun haura 4,000. Idan aka yi sa'a, makatsin wuta ya faɗi. Idan ba a yi ba, ƙarfin wutar ya yi ƙasa, kwamfaresa ya yi ta gurnani yana zafi har ya ƙone, kuma kuɗinsa ya fi na abincin da ake gaggawar ɗumamawa. Lambar da aka rubuta a jikin inji ma ta bakin teku ce. Duk hawan mita 300, iska tana ƙara sirancewa, inji yana rasa wajen kashi uku da rabi cikin ɗari na ƙarfinsa. A birnin Denver, mai tsayin mita 1,600, injin wat 4,000 bai fi ya ba da 3,300 ba. Lissafin nan bai san ƙasa ba: wanda ya ɗauki janareta daga Legas ya kai shi Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, ya bar kusan kashi 14 cikin ɗari a hanya. Zafi ma yana rage wani abu, kuma a ranar zafin ne ake fi matsa wa injin.

Tayarwa da kashewa suna da tsari. A kashe manyan kaya kafin a tayar, a bar inji ya yi minti biyu ko uku yana ɗumi, sannan a kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, babba a gaba. Wajen kashewa a juya tsarin: a sauke lodi, a bar shi ya huce yana juyi na 'yan mintuna, sannan a kashe. Kashe inji da lodi a kansa yana cin haƙoran makunnin da ke sauya layi tsakanin wutar turke da ta janareta, yana kuma jefa wa kayan lantarki gurguwar wuta a daidai lokacin da injin ke mutuwa.

Yanzu ga zama. Dokin da aka ɗaure a turke wata da watanni ba a fita da shi kilisa, ranar hawan salla ne zai ba mai shi kunya, kuma haka wannan inji yake. Cummins ya ce a riƙa tayar da shi duk wata, ya yi awa biyu cur ɗauke da wajen rabin lodinsa, misali da iyakwandishan a kunne. Ba minti goma ba, ba kuma wayam babu lodi ba, domin awa biyu a jere sun fi ƙananan tayarwa da yawa amfani. Dalilan a fili suke. Zafin aiki yana korar laimar da ta taru a cikin naɗin waya da cikin baƙin mai, juyi yana goge tsatsar da ke hawa zobban da wuta ke bi ta kansu, sabon fetur kuma yana wanke kafireta. Fetur ɗin Amurka galibi an gauraya shi da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin etanol, wanda ke jan laima daga iska. Idan ya kwana wata ɗaya ko biyu a kafireta sai mai sauƙin cikinsa ya tashi, ya bar wani danƙo da ke toshe 'yan ƙananan ramukan da mai ke bi. Alamar ita ce inji ya riƙa hawa da sauka, yana ƙugi yana lafawa, fitilu suna bin sa. Sau da yawa wanki ba ya fitar da danƙon, sai an sauya kafireta ɗungurungum. Kilisar wata kuwa ba ta wuce lita huɗu ba, tunda injin wat 4,000 yana shan wajen lita biyu a awa idan yana rabin lodi. Wanda zai ajiye mota tsawon hunturu yakan zuba maganin hana fetur lalacewa a tanki, ya bar inji ya ja shi har cikin kafireta. Masu injin iskar gas sun huta da wannan ciwon kai, sai dai ƙarfin nasu ya ɗan gaza na fetur, kuma tukunya ɗaya suke rabawa da murhu.

Wannan ne ya sa masu sayen motar-gida ta hannu, waɗanda suka san kan abin, ba sa murna idan aka nuna musu janareta mai shekara goma da bai yi awa hamsin yana aiki ba. Mai sayarwa yana alfahari cewa inji sabo ne fil, mai saye yana lissafin kuɗin kafireta.

Janareta ba shi da mitar kilomita, agogon awa yake da shi, kuma da shi ake aiki. A injinan fetur na Onan ana juye baƙin man farko da wuri, bayan 'yan awoyin farko na aiki, daga nan kuma duk awa 150 ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa. Awa 150 kamar ba yawa, amma injin da ke juyi sau 3,600 a minti ya yi juyi fiye da miliyan 32 a wannan tsakani, a kan man da bai fi lita ɗaya da rabi ba. Al'adarmu ta tsoma yatsa a murza a ce man da sauransa ba ta da wurin zama a nan. A duba tsayin man kafin kowace tafiya, domin yawancin injinan suna kashe kansu idan ya yi ƙasa, kuma motar da aka tsayar a karkace tana iya ruɗin na'urar. Matatar iska a hamada ba ta jiran awa 150, ƙura ce ke yanke mata wa'adi. Fulogi da matatar mai suna da nasu lokaci a littafi. Ɓeraye suna son akwatin janareta su yi sheƙa su ci waya, zanzaro kuma yana gini a bakin salansa. Abin da na fi ba muhimmanci a duk jerin, wanda kuma ba ya cin ko sisi, shi ne mutum ya durƙusa ya leƙa salansa da idonsa kafin ya tayar, ya kuma saurari ko muryar injin ta sauya.

Sauran haɗurran sanannu ne, ba sai an ja su ba. Ba a zuba fetur a inji mai zafi. Ba a ajiye jarkar mai cikin ɗakin kwana. A gidan mai ana kashe janareta da duk wata wutar gas da ke ci a motar. Ba a barin na ɗauka-ajiye cikin ruwan sama a buɗe, ba a kuma tura shi ƙarƙashin mota don a ɓoye shi daga ruwan, akwai 'yar rumfa mai buɗaɗɗen gefe da aka yi don haka. A dazuzzukan gwamnatin Amurka doka ce salansa ta kasance da ragar tare tartsatsi, domin busasshiyar ciyawa ba ta bukatar fiye da ƙwaya ɗaya.

Ƙara ma doka ce da ita a can. A gandayen shaƙatawa na ƙasa, ba a yarda ƙarar inji ta wuce desibel 60 ba idan an auna daga nisan ƙafa 50, wato wajen mita 15, kuma galibin sansanoni suna hana tayar da inji daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Don kunnen maƙwabci aka yi dokar, amma ina ganin ta ceci rayuka da dama ba da niyya ba, tunda awoyin da ta hana su ne awoyin da gubar ta fi yin ɓarna.

To ko lokacin janareta ya wuce? Masu sola da batirin litiyam suna cewa haka, kuma gwamnati a wasu wurare tana tura mutane can. A 2021 jihar Kalifoniya ta kafa dokar rage ƙananan injinan fetur, aka ɗibar wa sababbin janaretocin ɗauka-ajiye wa'adin 2028. Ga fitila da firiji da fanka da cajin waya, sola ta riga ta ci gasar, babu hayaƙi, babu ƙara, babu kafireta. Inda take durƙusawa shi ne sanyaya ɗaki. Batirin litiyam na yau da kullum, mai amfiya 100 a kan bolt 12, yana ɗauke da wajen wat 1,200 na awa guda, wato iyakwandishan zai shanye shi kafin awa ta cika, rufin mota kuma ba shi da faɗin da zai ɗauki farantan da za su mayar da wannan cikin sauri. Hukuncina shi ne janareta zai daɗe tukuna, amma matsayinsa zai sauya: a tayar da shi da rana ya cika batir ya kori zafi, dare kuma a bar wa batir. Sai dai wannan tsari yana ƙara wa inji zaman banza, don haka wanda ya sa sola ya fi kowa bukatar tuna kilisar wata.

Motar-gida ba ta zama ruwan dare a ƙasarmu ba, amma 'yan uwanta suna nan: motocin asibitin tafi-da-gidanka, motocin masu shirya fim, na masu sayar da abinci, na masu wa'azi da na kamfe da ke yawo da lasifika, duk da janareta a ɗaure a baya ko a cusa cikin but. Wanda ya shigo da ta Amurka ya sani cewa wutarta bolt 120 ce mai juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce mai juyawa sau 50, saboda haka jona ta kai tsaye a layinmu ƙona kayan ciki ne, sai da taransifoma da ma'aikacin da ya san aikinsa. Wanda kuma zai kai motarsa wurin mai walda a yi mata akwatin janareta, ya tsaya a kan aikin da kansa. Akwatin ya kasance a toshe ruf ta ɓangaren da mutane ke zama, a buɗe ta waje don shan iska, salansa ta fito ta zarce jikin mota nesa da taga da ƙofa, kuma kada motar ta bar garejin sai an maƙala ƙararrawar guba a ciki, an danna an ji ƙararta.